Istanbul: Wata Unguwa Na Barci, Wata Na Farkawa

Jama'a, akwai kasuwar da rana ba ta taɓa kanka, ruwan sama ba ya jiƙa ka, sunanta Kafali Carshi, a tsohuwar unguwar Istanbul. Tun zamanin Sarki Muhammadu Alfatihi, wanda ya ci garin a 1453, aka fara gina ta, yau shagunanta sun tasam ma 4,000 a layuka sama da 60. Ƙaddara an ɗauko Kasuwar Kurmi an rufe ta ruf da ɗaurin guga, an yi wa rufin zane. Layin zinariya har kashe ido yake. Mai darduma kuwa ba ya tada zancen kuɗi sai ya aiki yaro ya kawo maka jan shayi, ba madara, a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu. Ka taya, ya dafe ƙirji ya girgiza kai, ka miƙe za ka tafi, ya kira ka ya sallama. Gaba kaɗan, a Laleli, na ji ana ciniki da Hausa: 'yan sarinmu ne tsaye kan dilolin sutura.

Abin mamaki, wajen ƙarfe 7 na yamma sai a garƙame ƙofofin kasuwar, ran Lahadi ma ba a buɗewa. Layukan da ke kewaye su yi tsit, sai kyanwoyi, ƙosassu, ba mai kora.

Ashe garin ƙaura ya yi! Tsallaka gadar Galata, inda masu ƙugiya ke jere cikin sanyi, ƙanshin gasasshen kifi na tasowa daga ƙasa, ka shiga wani ɗan jirgin da ke hawa tudu ta cikin rami tun 1875, sai ga ka a titin Istiklal. Tsawonsa bai cika kilomita ɗaya da rabi ba, amma mutane maƙil, mata da yara da tsofaffi, har dare ya raba. Wani jan tarago yana ratsa su yana kaɗa ƙararrawa, su dare masa hanya ba ko waiwaye. Nan kantuna farashi a rubuce, ba tayi, ba shayi. Mai askirim ya miƙo maka a bakin dogon ƙarfe, ka kai hannu ya fizge, ya juya shi ƙasa bai zuba ba, 'yan kallo na ta dariya. A lunguna ana kiɗa, ana shan wata giya da ke komawa fari fat in an zuba mata ruwa. Na wuce abina, kiran sallar isha'i na tashi daga masallacin da ke kan titin.

Wanda bai gaji ba sai ya hau jirgin ruwa, cikin kamar minti 20 ya sauka Kadikoi. Ka ji fa, ya bar nahiyar Turai ya shiga Asiya don cin abincin dare, kuma bai fita daga garin ba.