Mun Karanta, Mun Kalla, Ba Mu Ƙoshi Ba

Jama'a, ku gyara zama. Maganar nan da muka saba yi a tsaitsaye, yau so nake mu yi ta a tsanake, tunda mu ya mu ne, babu bare. Kun dai san halinmu, mu masu karatun littattafan almara. Da an ce za a mayar da wani littafi fim sai ɗoki ya kama mu, mu yi ta ƙirga watanni. Ranar da ya fito mu ne na farko wajen kallo, mu ne kuma na farko wajen tsaki. Wanda bai taɓa buɗe littafin ba ya tashi yana washe baki, mu kuwa muna ta ƙunƙuni, wai ba su bi littafi ba. Amma in aka titsiye mu aka ce to me suka ƙi bi, sai ka ji kowa da tasa amsar.

Ni dai ga inda tunanina ya tsaya, ku kuma ku auna ku gani. Mai karatu yana yafe yanka. Zai yi mita kwana biyu ya haƙura. Abin da ba ya yafewa shi ne a ɗauko mutumin da ya sani a littafi, wanda ya kwana da shi ya tashi da shi, a sauya masa hali, a bar masa suna kawai.

Ku duba The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien, wanda ya fito a Ingila kashi uku tsakanin 1954 da 1955. Peter Jackson ya ɗauki fina-finan uku a jere a ƙasarsu Niyu Zilan, aka sake su ɗaya bayan ɗaya a 2001 da 2002 da 2003. Na ukun ya kwashe kyautar Oscar 11, duk rukunin da ya shiga takara bai bar ko ɗaya ba. Ukun a haɗe, yadda aka nuna su a sinima, sun haura awa 9, na faifai da aka ƙara wa tsawo kuwa sun wuce awa 11. Duk da haka sai da Jackson ya sa wuƙa. Ya cire Tom Bombadil ɗungurungum, tsohon nan mai fara'a da yawan waƙa da ke zaune a daji, wanda zoben tsafin da labarin ya ginu a kai ba ya tasiri a kansa. Ya cire babin da su Frodo, mai ɗauke da zoben, suka koma gida suka tarar matsafin nan Saruman ya mamaye ƙasarsu, sai da suka sake ɗaura ɗamara suka ƙwato ta. An yi surutu, ba a ce ba a yi ba. Amma ku faɗa mini tsakani da Allah, a cikinmu wa ya taɓa kashe fim ɗin don babu Bombadil? Tafiya ce ta gaggawa, mahaya baƙaƙen dawakai na bin sawu, in aka tsaya sauraron waƙar tsoho a daji ai zaren ya tsinke.

Faramir fa? Nan ne gizo ke saƙar. A littafi, mutumin nan ya gane abin da Frodo yake ɗauke da shi, yana da dakaru, yana da iko, babu mai hana shi, amma ya kau da kai, ya sallame su da guzuri da nasiha. Shi ne shaidar cewa a cikin 'yan Adam akwai wanda mulki ba ya ruɗa, saɓanin yayansa Boromir da kwaɗayin zoben ya kayar. A fim na biyu sai ga Faramir ya tasa ƙeyar su Frodo zuwa birnin Osgiliath, da niyyar kai wa mahaifinsa zoben, sai daga baya ya sake su. Marubutan fim ɗin sun kawo hujjarsu: sun ce sun ɓata awanni suna nuna wa 'yan kallo cewa zoben nan yana cin zuciyar kowa, in aka ga wani ya ture shi cikin sauƙi, kwarjininsa ya zube. Ga shi kuma sun ɗage haɗuwar Frodo da ƙatuwar gizo-gizon nan Shelob zuwa fim na uku, dole a samo wani cikas a na biyu. Hujja ce mai ma'ana, na yarda. Amma fiye da shekara ashirin ke nan, har gobe in masoya littafin suka haɗu, Faramir ne ƙorafin da ba ya tsufa. Hali zanen dutse, in ji Bahaushe, su kuma suka ce bari su kankare.

Shi yankan ai dole ne, kowa ya san wannan. A ƙa'idar masu rubutun fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, don haka fim na awa biyu bai wuce shafi 120 ba, shi ma da faffaɗan tazara. To littafi na biyar na Harry Potter, bugun Ingila, shafi 766 ne, shi ne mafi kauri a cikin bakwai ɗin da J.K. Rowling ta fitar daga 1997 zuwa 2007. Fim ɗinsa kuwa minti 138 ne, yana cikin mafi gajarta a fina-finai takwas ɗin. Ta ina za a cusa? Sannan littafi yana shiga zuciyar mutum ya faɗa maka abin da yake saƙawa, kyamara kuwa iyakarta fuska.

Tunda an zo kan Harry Potter, bari mu ɗan daɗe a nan, don na san a nan yawancinmu muka fi ciwo. Peeves, fatalwan nan mai tsokana da ke hana makarantar Hogwarts sakat, an ɗauki fitowarsa da ɗan wasa Rik Mayall, aka zubar wajen tacewa. Mun yafe. Idon Harry kore ne a littafi, irin na mahaifiyarsa, kuma maganar tana da nauyi har ƙarshen labari. Na Daniel Radcliffe, wanda ya fito a Harry, shuɗi ne. An gwada sa masa ɗan gilashin nan da ake liƙawa a ƙwayar ido, idon ya ƙi karɓa, aka haƙura. Mu ma mun haƙura, lafiyar yaro ta fi.

Amma a fim na huɗu, na 2005, da sunan Harry ya fito daga kofin wuta, littafi ya nuna Dumbledore, shugaban makarantar, ya tambaye shi cikin natsuwa ko shi ya jefa sunansa. A fim sai ga Michael Gambon, wanda ya fito a Dumbledore, ya rugo a guje, ya cakumi yaro yana daka masa tsawa. Fitowar ba ta kai minti ɗaya ba, amma ta zama abin barkwanci a intanet har yau. Me ya sa? Domin duk darajar dattijon nan a natsuwarsa take. Shi ne wanda in duniya ta hargitse kowa ke kallon fuskarsa don ya sami sanyi. Haka Ron, aminin Harry. A littafi na uku, shi ne ya miƙe a kan karyayyar ƙafa ya tare gaban Harry, ya nuna wa Sirius Black cewa sai dai ya haɗa da su duka. A fim aka ɗauke wannan jarumta aka ba ƙawarsu Hermione, aka bar Ron da raki da cin abinci. A hankali a hankali, abokin amana ya koma ɗan ban dariya. Wanda fim kaɗai ya kalla har mamaki yake yi me Harry ya gani a wurinsa.

Ga wani abu kuma da ba mu cika son faɗa a fili ba, amma tunda tsakaninmu ne: fim ɗin da ya fi bin littafi sau da ƙafa ba lallai ya fi daɗi ba. Chris Columbus ya yi na farko da na biyu, kusan babi bayan babi, kamar mai tsoron a kama shi da laifi. Suna da kyau, amma a wurina ba su da jini a jika. Alfonso Cuarón ya zo a na uku, a 2004, ya yi yanka son ransa, har bai tsaya bayyana su wane ne suka zana taswirar tsafin nan da Harry yake yawo da ita ba, wanda babban gibi ne. Duk da haka masu sharhi da yawa shi suke ɗorawa a sama, ni ma da shi nake. Ya kama tsoro da kaɗaicin yaron da ya fara girma, wanda shi ne ruhin littafin.

The Hobbit kuwa cutarsa daban ce, ƙari ne ya yi masa yawa. Ɗan littafin Tolkien ne na yara da ya fito a 1937, shafi wajen 300. Aka ja shi ya zama fim uku, daga 2012 zuwa 2014. Tamkar a ba tela yadi biyu ne a ce ya fitar da babbar riga, dole ya yi ta jone-jone. Aka ƙirƙiro Tauriel wadda babu ita a littafi, aka haɗa ta soyayya da wada, aka jawo Legolas wanda shi ma ba ya ciki, aka cika ko'ina da yaƙi, har Bilbo mai labarin ya kusa ɓacewa a cikin labarinsa. Kuɗi kam an samu, kusan dala biliyan 3. Shirin talabijin na Game of Thrones ma ba sai na ja ba: muddin akwai littattafan George R.R. Martin a ƙasa abin yana tafiya, da aka wuce inda alƙalaminsa ya tsaya, na biyar da ya fito a 2011, sai ginin ya fara tsagewa. Da aka rufe a 2019, sama da mutum miliyan 1 suka sa hannu a takardar koke ta intanet wai a sake zangon ƙarshe. Kuma in kun lura, kukan nasu a kan hali ne: yadda Daenerys ta rikiɗe dare ɗaya, yadda Jaime ya koma gidan jiya.

Batun kamanni shi ne mai sarƙaƙiya. Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yana da nasa Malam Zurƙe a ka, da tsayinsa da muryarsa da irin tafiyarsa, kuma nawa ba irin naka ba ne. Duk ɗan wasan da aka kawo, wani zai ce ba shi ba ne. Wannan ba laifin darakta ba ne. Amma akwai inda kamanni yake cikin ƙashin bayan labari. Ursula K. Le Guin, marubuciyar Amurka, ta fitar da A Wizard of Earthsea a 1968. Da gangan ta yi jaruminta Ged mai duhun fata, amininsa Vetch baƙi, farare kuwa su ne mahara daga wasu tsibirai na gefe. A zamanin da kusan duk jarumin almara fari ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2004 wata tashar talabijin ta Amurka ta mayar da labarin fim, ta ba Shawn Ashmore, farin saurayi, matsayin Ged. Matar nan ba ta yi shiru ba, ta rubuta a mujallar Slate cewa an wanke mata duniyarta an mayar da ita fara. A nan ina bayanta ɗari bisa ɗari, don abin da aka goge yana cikin dalilin rubuta littafin.

Sai kuma ga kishiyar wannan. Rick Riordan, mai Percy Jackson, ya sha takaici a fim ɗin 2010, inda aka ɗauki yaro ɗan shekara 12 aka mayar da shi ɗan 16. A 2018 har ya wallafa wasiƙun da ya aika wa masu shirin tun kafin a fara ɗauka, yana gargaɗinsu cewa za su kori masu karatunsa. Da Disney+ ta sake yin labarin mai dogon zango, wanda ya fara fita a Disambar 2023, da shi aka yi komai. Shi da kansa ya amince da Leah Jeffries, yarinya baƙa, ta fito a Annabeth, wadda littafi ya siffanta fara mai farin gashi. Wasu masoya suka yi ca a kan yarinyar, abin har ya kai ga cin mutunci. Riordan ya fito ya kare ta, ya ce halin Annabeth ya nema, kaifin basira da ƙarfin zuciya, kuma a wurinta ya same su. To kun ga, a nan masu ihun a bi littafi sun zo suna jayayya da wanda ya rubuta littafin. Wani lokaci abin da muke kira kishin littafi, kishin hoton da ke kanmu ne kawai, wani lokacin ma abin ya fi haka muni.

Su kansu masu littafin ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya da namu ba. Christopher Tolkien, ɗan marubucin, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana tattara rubuce-rubucen mahaifinsa, ya shaida wa jaridar Le Monde ta Faransa a 2012 cewa an fafe The Lord of the Rings an mayar da shi fim ɗin faɗa na matasa. Fina-finan da mu muke kallo muna hawaye ke nan fa! Michael Ende na Jamus kuwa, da aka yi fim ɗin The Neverending Story a 1984, har kotu ya je, bai yi nasara ba, ya sa aka cire sunansa daga farkon fim ɗin. Yaran da suka tashi da fim ɗin kuma har yau suna ƙaunarsa.

Yanzu ga kamfanin da ya mallaki HBO ya sanar tun 2023 cewa zai sake Harry Potter daga tushe, kowane littafi da zangonsa, da alkawarin bin littafi. Lokaci kam za su samu, Peeves ma mai yiwuwa ya dawo. Ni abin da zan zuba wa ido biyu ne: a bar Dumbledore da natsuwarsa, a mayar wa Ron da zuciyarsa.

Wanda bai fara ba a cikinku, ga shawarata. Fina-finan zobe na Jackson ku kalle su, masu tsawon ma, sun cancanta, amma ku karanta babin Faramir a littafi na biyu don ku san mutumin na gaskiya. The Hobbit, littafin ya wadatar. Earthsea ta 2004 kuwa kada ku ɓata datarku, ku nemi littafin Le Guin, ɗan siriri ne, dare biyu ya ishe ku, in mun sake haɗuwa ku ba ni labarin Ged ɗin da kuka gani.