Mai Riƙe Da Igiya



A bazarar da ta wuce, da rijiyar masallacinmu ta ja baya har guga ya fara fitowa da laka, muka zauna a ƙungiya muka yanke shawarar a yashe ta. Ba mu yi dogon tunani a kan wanda za a kira ba. Akwai wani dattijo da ya fi shekara talatin yana wannan aiki a nan Iku da kewaye, kuma yawancin samarin da ke sana'ar yanzu a hannunsa suka koya. Muka yi ciniki, muka ba da kafin alƙalami, aka sa ranar Asabar.

Daren Alhamis sai ga babban yaronsa ya zo yana ta kame-kame. Da ƙyar ya faɗi abin da ke tafe da shi. Wata uku ke nan maigidansu yana fama da jiri, sau biyu yana yanke jiki ya faɗi, sau ɗaya a bakin rijiya yana riƙe da igiya, yaro yana ƙasa. Allah ya sa akwai mutum na biyu a kan igiyar. A asibiti an ce jininsa ya hau sosai, aka ba shi magani, aka ce ya dawo a duba zuciyarsa. Ya sha maganin sati biyu ya ajiye, bai koma ba, ya kuma gargaɗi yaran kada kowa ya ji. Yaron ya ce, "Don Allah, ranka ya daɗe, kada a ce daga bakina ta fito."

Gaskiya haushi muka fara ji, domin mun san abin da ke ƙasan rijiya. Iskar da muke shaƙa a sarari kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. A rami mai zurfi da ƙunci iska ba ta zagayawa, ruɓaɓɓen ganye da laka suna cinye oksijin ɗin, wata iska mai nauyi da ba ta da amfani ga numfashi ta kwanta a ƙasa. Idan kuma aka kunna injin jan ruwa ko janareta a bakin ramin, hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar launi marar wari. Mutum ba ya jin komai sai kasala da ciwon kai, daga nan ƙafa ta saki. Abin da ake cewa aljanin rijiya ya kama mutum, sau da yawa wannan ne. Sannan ɗan uwansa ya faɗa don ya ceto shi, a fito da gawa biyu. To lafiyayye ke nan. Ina ga mai asma, ko mai farfaɗiya, ko wanda zuciyarsa ta fara gajiya?

Masu nutso cikin kogunan dutse da ruwa ya cika, a ƙasashen waje, su ne suka fi kama da masu yasar rijiyarmu: duhu, ƙunci, hanyar fita ɗaya, rai a jikin igiya. Da yawanmu mun bi labarin yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu da ruwa ya tare a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan a 2018. An fito da su duka, amma Saman Kunan, tsohon sojan ruwa, ƙaƙƙarfa mai motsa jiki, ya suma a cikin ruwa ya rasu a kan hanyar dawowa bayan ya kai tukwanen iska. Shi ya sa ba sa wasa da maganar lafiya. A Birtaniya, tun dokar 1997, wanda ke koyar da nutso a matsayin sana'a sai ya riƙe takardar likita da ake sabuntawa duk wata 12. Ɗalibi ma a wurare da yawa sai ya cika takarda ya faɗi ko yana da asma, farfaɗiya, ciwon suga ko ciwon zuciya. An fi tsananta wa malami, domin idan ya faɗi ba shi kaɗai ya faɗi ba.

Amma da muka kwana da maganar sai haushin ya ragu. Me ya sa Baba ya ɓoye? Yana da iyali, ba shi da fansho, ba shi da gona. Ya san mu sarai. Ya san ranar da aka ce yana faɗuwa, kafin la'asar labari ya kai kasuwa, ya zama farfaɗiya, gobe ba mai kiransa aiki, jibi a fara tambayar ko 'ya'yansa mata sun gada. Muna son mutane su faɗi ciwonsu, alhali duk wanda ya faɗa mun hukunta shi. A nan laifin namu ne, ba nasa kaɗai ba.

Shugaba da liman suka same shi a gida bayan Juma'a, ba tare da sunan yaron ya fito ba. Ya yi musu, ya yi fushi, ya ce tun ba a haifi wasunmu ba yake shiga rijiya. Liman ya ce, "Malam, ba ƙwarewarka muke shakka ba. Yaran nan amana ne a hannunka, iyayensu kai suka ba wa." Ya daɗe bai ce komai ba. Da ya buɗe baki tambaya ɗaya ya yi: kuɗin aikin fa? Aka ce ba za a rage ko kwabo ba, kuma ƙungiya za ta biya kuɗin komawa asibiti. Mun sa wannan a rubuce ne bayan shi da kansa ya ce a faɗa, ban da suna.

Daga nan muka tsayar da ƙa'ida ga duk aikin rijiya ko masai da ƙungiya za ta bayar. Wanda zai sauka da wanda zai riƙe igiya, a gwada jininsu a tambaye su ciwon da suke da shi, kuɗin gwaji a kanmu, sakamakon kuma ya tsaya tsakanin mai aikin da ma'aikacin lafiya da shugaba. Mutum uku a sama, igiya a ɗaure a jikin mai sauka, inji nesa da bakin rami. Wasu 'yan kwamiti sun ce ɓarnar kuɗi ce, har yanzu ba mu gama shawo kansu ba.

Ranar Asabar Baba ya zo, aka ajiye masa kujera a inuwa. Bai taɓa igiya ba. Kafin kowa ya sauka ya sa aka zura fitila mai wuta a cikin guga. Ba ta kai ruwa ba ta mutu. (Wannan gwaji na ƙarancin iska ne kawai, ba ya nuna gubar hayaƙi, kuma kada a gwada shi a masai, iskar ciki tana kamawa da wuta.) Ya sa yaran suka ɗaure reshe mai ganye suna zurawa suna jawowa kusan awa guda, aka sake zura fitilar ta kai ƙasa tana ci. Sannan ya ɗaga kai ya ce wa babban yaron, "Sauka."