Darussan da Na Koya Daga Littattafan da Na Ƙwace

Na daɗe ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Maiduguri, kuma a zamanina babu malamin da ya kai ni ƙwace littafin soyayya. Ɗalibai sun haddace takuna. Da sun ji ni tafe sai hannuwa su shige ƙarƙashin hijabi. Wanda na kama kuwa ya yi sallama da mai shi, sai kwali a ɗakina. Kwalin nan ne daga baya ya zaunar da ni ya yi mini darasi.

1. Wanda bai karanta ba ya fi kowa zafin fatawa. A 2007 da aka ƙona littattafan soyayya a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, na cika ɗakin malamai da yabo. Wani abokin aiki ya ce, "Malam, wanne ka karanta a ciki?" Na ce masa ba sai mutum ya sha guba yake sanin tana kisa ba. Amsar ta burge ni ƙwarai. Sai a watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci, aka katse layukan waya, ga dokar hana fita, zaman gida ya ishe ni har na jawo kwalin. Ba neman gaskiya ya sa ni ba, rashin abin yi ne. Na farko da hannuna ya kai kansa shi ne *Wa Zai Auri Jahila?* na Balaraba Ramat Yakubu, kuma ban ajiye shi ba sai da batirin tocilan ya mutu.

2. Soyayyar a bango take, ciki kuwa kuka ne. Na shiga da niyyar kama marubuciyar da laifin koya wa yara zance. Abin da na tarar shi ne Abu, yarinya ƙarama da uba ya cire daga makaranta, saurayin da aka yi mata alkawari da shi ya guje ta don ba ta yi boko ba, aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, sa'an mahaifinta. Ita kanta Balaraba an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana 'yar shekara 13, don haka ba jita-jita take rubutawa ba. Abin kunyar, a ajin nan da nake ƙwace littafinta, ni ne mai yabon *The Stillborn* na Zaynab Alkali, 'yar Borno da ta koyar a Jami'ar Maiduguri. Littafin ya fito a 1984, labarin Li ne da mijinta Habu da ya tafi birni ya bar ta tana jira. Ciwo ɗaya matan biyu suke taɓawa. Na Turancin na kira shi adabi, na Hausar na kira shi lalata tarbiyya.

3. Yarinya ba ta ɓoye littafi a banza. Kwafin da na karanta akwai sunan mai shi a shafin farko. Na tuna ta: mai ƙoƙari a lissafi, marar surutu, ta daina zuwa ana tsakiyar zango, aka ce an yi mata aure. A lokacin cewa na yi Allah ya ba da zaman lafiya, na ja layi a kan sunanta a rajista. Bayan shekaru muka yi kaciɓis a Monday Market, tana goye da yaro, wani na riƙe da gefen hijabinta. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Malam, har yau ba ka maido mini da littafina ba. Ban san yadda Abu ta ƙare ba." Na ce mata Abu ta gudu wurin 'yar'uwar mahaifinta a Kano, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Ta yi dariya ta ce, "A littafi ke nan, Malam." Ashe ranar da na kama ta, ba wasiƙar saurayi take koyo ba. An riga an sa mata rana, tana dubawa ne ta ga ko wata ta taɓa tsira.

4. Ƙarshen da ya ɓata maka rai, sau da yawa shi ne na gaskiya. A *Alhaki Kwikwiyo Ne*, shi ma na Balaraba, Alhaji Abdu ya auro Delu, ya saki Rabi mai 'ya'ya tara, ita kuma ta kama sayar da abinci ta tsaya da ƙafarta. Da dukiyarsa ta ƙare, Rabi ta koma gidansa. Na jefar da littafin na ce marubuciyar ta ci amanar Rabi. Uwargida, wadda ashe ta karanta shi tun tana budurwa, ta dube ni ta ce, "To Malam, da 'ya'ya tara da surukai da dangi a kanta, ina kake so ta je?" Ni da jiya nake ƙwace littafi, yau na fi mata zafin kare mata. Littafin nan an fassara shi zuwa Turanci a Indiya a 2012. Mu da muke da shi a harshenmu, a kwali muka ajiye shi.

5. Mai sabon tuba ma yana wuce gona da iri. Na koma yabon duk abin da aka buga, har 'yata ta nuna mini irin wanda ake turawa shafi-shafi ta WhatsApp: Alhaji ɗan gata, mota, Dubai, sai batsa tsagwaronta. Akwai shara, kuma ba kaɗan ba. Sai dai sai ka karanta kake iya rabewa.

6. Labarin gidanka, in ba ka rubuta ba wani zai rubuta. Da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016, labarin da ya zo na ɗaya shi ne *Sansani* na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira, kuma marubuciyar daga Katsina take. Allah ya saka mata. Amma mu ne muka ga sansanonin Bakassi da Dalori da idonmu. Mu muka san matar da ta dawo daga daji da goyo, miji yana sonta, danginsa sun ƙi cin abincin da ta dafa. Mu muka san wadda mijinta ya ɓata shekara da shekaru, ba saki ba takaba, ga manemi yana jira. Waɗannan duk labaran soyayya ne, masu ɗaci. 'Yan matan Gwange da Hausari da Bulumkutu, ku da kuka taso a cikin wannan hali, ku ɗauki biro. Duk wadda ta buga nata, zan saya da kuɗina.