Tsatsa, Lalle da Kwamfuta

A unguwarmu ta Kilomita Biyar a Bangui, wadda aka fi sani da PK5, ƙarfe ba abin wasa ba ne. Yawancin rodi da kayan ƙarfe ta tashar Duwala ta Kamaru suke shigowa, su yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a bayan tirela kafin su iso mana. Bayan rikicin 2013 da 2014, mutane da dama da bashi suka sake tada shagunansu. Ga doguwar damina, ga danshin kogin Ubangi. Kafin mutum ya gama biyan kuɗin ƙofa, tsatsa ta fara cin gindinta.

Shi ya sa in na buɗe layin waya a shirina na sana'o'in hannu, masu walda ba sa barin wannan magana. Neman amsar da zan ba su ne ya kai ni ga aikin masana sinadarai.

Tsatsa dai ruwa da iska ne ke taruwa su ci ƙarfe. Akwai sinadaran da ke manne wa fuskarsa su yi masa garkuwa. A da, sai a jiƙa guntun ƙarfe cikin asid, a zuba sinadarin, a auna nauyin da ya zube, ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kwamfuta ake fara tambaya. Da wata hanyar lissafi mai suna DFT, wadda ta jawo wa Walter Kohn lambar Nobel a 1998, ana gano yadda ƙwayar sinadari ke iya miƙa wa ƙarfe ilektoron ta kama shi. Masu ɗauke da naitirojin ko oksijin ko salfa sun fi riƙo. Wanda lissafi ya kayar ba sai an ɓata kuɗi a kansa ba.

Abin da ya fi burge ni, cikin tsirran da aka gwada har da lalle, da ƙaro, da darbejiya. Lallen amare fa! Kuma a cikin asid an ga yana rage cin ƙarfe.

Sai dai ban yi wa masu sauraro romon baka ba. Kwamfuta ƙarfe mai tsabta take lissafawa; ba ta san taɓon kasuwarmu ba. Irin wannan bincike ma ya fi shafar bututun mai da tukwanen masana'antu. Ƙofar shago kuwa har gobe sai an kankare ta, a shafa jan fenti, a ɗaga ta daga ƙasa. Duk da haka wata baiwar Allah ta bugo tana tambaya ko za mu sa lalle ya yi tsada kafin bikin 'yarta.