Hanyar da Kakana Ya Taka da Ƙafa

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, har ma marigayi Abubakar Imam ya ɗauki wannan magana ya raɗa wa littafinsa na tafiyar da ya yi zuwa Ingila a 1943. To, amma ba lalle sai mutum ya haye teku ba. Akwai hanyoyi a nan ƙofar gidanmu waɗanda muke bi muna gyangyaɗi a cikin mota, alhali kuwa sun girmi motar, sun girmi kwaltar, sun ma girmi ƙasashen da suka ratsa. Ɗaya daga cikinsu ita ce wadda ta tashi daga Kano, ta bi ta Dambatta da Kazaure da Daura, ta tsallaka iyaka ta dire a Damagaram, wato Zindar, tafiyar kimanin kilomita 240.

Kakana bafatake ne mazaunin Fagge, unguwar da ta kasance masaukin ayarin Buzaye. Yakan ɗora wa jakuna baƙin rini da takalma ya nufi arewa, ya komo da kanwa da dabino da gishirin Bilma. Ya aje iyali a can kamar yadda ya aje a nan. Da mahaifina ya rasu, sai ya zama 'yar'uwarsa ta Damagaram ce kaɗai ta rage a cikin 'ya'yan tsohon, ga shi kuwa ban taɓa sa ta a ido ba. Ta aiko cewa in ina da niyyar ganinta, in hanzarta. Wannan ne ya sa a rani na 2022 na ɗauki shatar mota, na kuma roƙi direba da ya riƙa tsayawa duk inda na ce, ko da zai ƙara mini kuɗi.

A Dawanau hanya ta rabu biyu, ta hagu ta yi Katsina, tamu ta miƙe arewa. Nan ne babbar kasuwar hatsi, inda buhunan gero da wake da riɗi suke jibge kamar ganuwa, manyan motoci kuma suna lodin da zai ƙare a Nijar. Ashe fataucin bai mutu ba, jakin ne kawai ya koma tirela. Gaba kaɗan sai Tattarawa. Yau masu sayar da rake ne a bakin titi, amma a ƙarshen ƙarni na 19 a wannan yanki dakarun Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga suka gwabza da na Sarkin Kano Alu. Na duba ko zan ga wani allo da ya ambaci haka, ban gani ba.

Bayan Dambatta ƙasa ta fara sauya kama. Duwatsun Kazaure suka bayyana, ga ruwan madatsa kwance a gindinsu. Wannan ita ce masarautar da Ɗantunku ya kafa a zamanin jihadi, bayan doguwar taƙaddama da Kano. Muka sha fura a ƙarƙashin wata bedi, muka wuce.

A Daura na fi daɗewa, domin kuwa ba a wuce rijiyar Kusugu a guje. An gina mata ɗaki an kewaye ta, mai kula da wurin kuma ya jefa guga ya ɗebo mini na sha. Tun muna firamare muka haddace labarin macijiyar da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon da ya zo da dare ya sare ta, da Sarauniya Daurama da ya aura. Masana suna ta gardama a kan gaskiyar zancen. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, labarin asalinmu kansa labarin matafiyi ne da ya iso da ƙishirwa. Duk bafataken da ya bi wannan hanya ya san darajar rijiya, don ita ke yanke masa inda zai yi zango.

Daga Daura zuwa Kongolam ba nisa. Nan muka tarar da sandar da aka gitta, da kwastan, da 'yan canji riƙe da damin naira da sefa. Ingila da Faransa ne suka shata wannan iyaka a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, ba tare da sun tambayi mai gona ko mai jaki ba. An rufe ta daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufe ta a 2023, kuma kowane karo talakan da ɗan'uwansa ke ɗaya ɓarin shi ya fi ji a jikinsa. Jandarman da ya karɓi takarduna a Ɗan Barto da Faransanci ya rubuta, amma da Hausa ya tambaye ni, "Malam, wajen wa za ka?" Na ce wajen gwaggona. Ya ce, "To, ai gida za ka. A sauka lafiya."

Muka ratsa Matamaye da Kance, muka kama babbar hanya a Takeita, la'asar sakaliya muka shiga Damagaram. Garin yana zaune a tsakanin manyan duwatsu. Ga Birni da fadar sarki da ragowar ganuwar da Sarki Tanimu ya gina, ga Zango da gidajensa masu zanen ado a fuska, irin waɗanda siminti ya kusa cinyewa a Kano. Faransawa sun ci garin a 1899, shi ne kuma hedikwatar mulkinsu a Nijar har zuwa 1926, lokacin da suka koma Yamai.

Gwaggo tana zaune a kan tabarma, ido ya yi rauni. Ta shafa fuskata ta ce, "Hancin Baba ne. Ɗana, kwana nawa ka yi a hanya?" Na ce yau na taso. Ta yi dariya har da tari, sa'an nan ta shiga lissafa mini zangunan da mahaifinta yake kwana, ɗaya bayan ɗaya, da rijiyar kowanne, da gidan da ake ba shi tuwo. Wasu sunayen na gan su a allon bakin titi, wasu kuwa ko direbana bai taɓa jin su ba. Na ciro biro na rubuta har aka kira magariba.

Ta rasu da damina mai zuwa, Allah ya jiƙanta. Sunayen nan suna cikin littafina, guda goma sha ɗaya. 'Yan'uwana marubuta, kowannenmu yana da tsohuwa irin wannan a ƙarshen wata hanya, kuma ba za ta jira mu gama shiri ba.