Mu Bar wa Su Inna Ɗan Aikinsu

Ƙawayena, ku matso kusa, maganar nan ta cikin gida ce. Kusan dukkanmu muna da tsofaffi a hannu, kuma na san kun lura da wani abu. Inna na cikin tafiya, ki yi mata magana, sai ta tsaya cak, ta amsa, sannan ta ci gaba. Zura zare a allura ya zama aiki. Mukan ɗora wa ƙafa ko ido laifi, alhali da yawan abin daga ƙwaƙwalwa yake.

Ƙwaƙwalwarmu na da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, saƙo kuma yana bi ta siraran zaruruwa masu lulluɓin kitse, kamar wayar lantarki da robarta. Idan shekaru suka ja, lulluɓin yakan zaizaye, saƙo ya riƙa isa a makare. Hawan jini da ciwon suga suna ƙara ɓarnar, domin suna lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da wurin. Damin zaruruwan da ya haɗa ɓarin dama da na hagu shi ma yakan sirance. Kuma wani aikin da ƙwaƙwalwar yarinya ke yi da ɓari guda, ta tsohuwa sai ta tattaro duka biyun. Tafiyar da a da ba ta neman tunani yanzu tana cin hankali, to in an haɗa ta da zance, dole ɗaya ya jira.

Kuma ba abin wasa ba ne. Masu bincike a Suwidin sun nuna a 1997 cewa tsofaffin da ke tsayawa kafin su amsa magana sun fi yawan faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama sukan faɗi kowace shekara.

Ga abin da ke ci mini rai. Saboda ƙauna muke cewa, "Inna, zauna ki huta," mu karɓe komai daga hannunta. Ƙwaƙwalwa kuwa hanyar da ake amfani da ita take riƙewa. Hukumar na so tsoho ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako.

Don Allah mu bar ta ta tsince shinkafa, ta gyara zogale, ta taka zuwa maƙwabta. Namu shi ne mu sa mata fitila a hanyar banɗaki, mu kawar da santsi, mu riƙa auna mata jini. In rawar hannu ko jan ƙafa ya ɓullo, a kai ta asibiti, kar a ce tsufa ne kawai. Allah ya ba mu ikon kula da su.