Kujerar mataimaki: su a kan takarda, mu a cikin ɗaki



Mu a Nijar ba mu taɓa jefa wa mataimakin shugaban ƙasa ƙuri'a ba. Amma duk lokacin da 'yan takarar Najeriya suka shiga neman abokin tafiya, sai fadodin shayi na garin nan su ɗauka kamar namu ne. Ba abin mamaki ba ne, kunnenmu da kasuwancinmu duk suna kallon kudu.

Ku tuna Yulin 2022, da Bola Tinubu ya je Daura ya bayyana Kashim Shettima, tsohon gwamnan Barno. Masu kira a shirina suka rabu biyu. Wasu na murna an ɗauki Babarbare, wasu na cewa Musulmi biyu a tikiti ɗaya zai ja rigima, ko da yake Abiola da Babagana Kingibe sun yi haka a 1993. Atiku ya ɗauki Okowa na Delta, Peter Obi ya ɗauki Datti Baba-Ahmed na Zariya. Lissafin dai guda ne: yanki, addini, ƙuri'u nawa zai kawo.

Ni abin da ke damuna shi ne tambayar da ba a cika yi ba: in ta Allah ta kasance, wannan mutum zai iya riƙe ƙasa? Umaru 'Yar'aduwa ya ɗauko Goodluck Jonathan daga Bayelsa, aka ce an daidaita Arewa da Kudu. 'Yar'aduwa ya rasu 5 ga Mayun 2010, washegari aka rantsar da Jonathan, bai sauka ba sai 2015. Wanda aka ɗauko don cike gurbi, shi ya yi shekara biyar yana mulki.

To mu fa? Mu ma a da mun sha yin wannan ciniki, sai dai a cikin ɗaki, tsakanin manyan jam'iyyu. A 1993 ƙawancen AFC ya kai Mahaman Usman na Damagaram bisa kujera, Mahamadu Isufu ya zama firaminista, Mumuni Adamu Jarmakwai ya samu majalisa. Satumban 1994 Isufu ya ajiye aiki, ƙawance ya watse. Aka sake zaɓen 'yan majalisa, Hama Amadu ya zama firaminista a 1995, aka shiga zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba. Ranar 27 ga Janairun 1996 sojoji suka karɓe. Ina yaro a lokacin, amma iyayenmu har yau in an taɓo zancen sai sun girgiza kai.

Tsarin Najeriya na da nasa ciwon, wallahi, Obasanjo da Atiku sun yi zaman doya da manja. Amma da Atiku ya bar PDP, Kotun Ƙoli ta ce a 2007 ba a iya raba shi da kujerarsa a kan haka. Tare aka zaɓe su.

Randa aka zo rubuta mana sabon kundin tsarin mulki, ni dai zan so a tattauna wannan a fili, da Hausa da Barbarci da Tubanci da Fulatanci, ba da Faransanci kaɗai a Yamai ba. Ko mataimaki za a kira shi ko firaminista, matar da ta taso tun daga rugarsu a Kelle ta sha rana a layi ta san sunan na biyu kafin ta dangwala yatsa.